Pompin mai na tsofaffin babura masu bugu biyu: yadda yake aiki da yadda ake gano matsalarsa

Duk da cewa baburan ƙasar Sin masu bugu huɗu sun cika hanyoyinmu, har yanzu in ka zaga Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai za ka ci karo da tsofaffin babura masu bugu biyu, waɗanda masu gyara ke kira de-tan. Akwai Yamaha YB100, da V80 da ake yi wa laƙabi da Yamaha dam, da DT125 da AG100 irin na ma'aikatan karkara, da Suzuki A100 da AX100 da masu kama da su irin Jincheng. Wani gadonta ya yi daga mahaifinsa, wani da ita yake kai kaya kasuwar ƙauye, wani kuma ita ce abin neman abincinsa.

Abin da ya fi kashe irin wannan inji shi ne rashin mai. Idan mai ya yanke mintuna kaɗan kawai moto tana cikin gudu, pistan zai kama a cikin silinda, ƙafar baya ta tsaya cak. Asarar kuɗi ke nan in an yi sa'a, in ba a yi ba kuma a kwana likita. Wannan bayani na masu irin waɗannan babura ne, da yaran gareji da suka tashi ba su san komai ba sai katar-tan.

Me ya sa de-tan yake shan mai?

Inji mai bugu huɗu yana da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa, man yana zagayawa yana dawowa, sai lokacin juye ya yi a canza shi. De-tan ba haka yake ba. Esansi, wato fetur, da iska suna bi ta cikin ɗakin da bilbirke yake juyawa kafin su hau cikin silinda, don haka ba a iya tara mai a wurin. Dole man ya shiga tare da iskar, ya shafi rulma da biyel da pistan da sigma, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da kuke gani. Kowane ɗigo sau ɗaya yake aiki.

A lura fa: man da ake zubawa a akwatin giya na de-tan daban yake. Wannan na giya ne da kuloci kawai, ba ya isa ga pistan. Mutum zai iya yin juye jiya, yau injinsa ya kama don tankin 2T ya bushe.

Da farko ana haɗa man ne da esansi tun kafin a zuba, abin da muka sani da melanj, irin na mobilet. A shekarar 1964 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da YA6 mai 125cc ɗauke da pompin da ke auna mai da kansa, ya kira tsarin Autolube. Suzuki ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1960 da nata mai suna Posi-Force, wanda daga baya aka sani da CCI. Kawasaki kuma tana da iri biyu, Superlube da Injectolube. Amfanin pompi shi ne yana ba inji mai gwargwadon buƙatarsa: kaɗan ƙwarai a ralanti, mai yawa idan an buɗe wuta duka. A ƙarshen wuta man kan kai wajen kashi 1 cikin 20 na esansi, a ralanti kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sassan da ya kamata a sani

Na farko tankin mai, wanda a ƙananan babura yake ɗaukar wajen lita ɗaya ko ɗan fiye, galibi da ƴar taga a jikinsa ta duba mai. Murfinsa ko samansa yana da ƙaramar kafa ta shaƙar iska, a ƙasansa kuma akwai ƴar rariya mai tace datti.

Na biyu babban tiyo, wanda mai ke gangarowa ta cikinsa daga tanki zuwa pompi. Nauyinsa ne kawai ke saukar da shi.

Na uku pompin kansa. Yana ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi a gefen inji, a yawancin Yamaha gefen dama. Inji ne ke juya shi ta hanyar haƙoran giya, a cikinsa kuma akwai ɗan sanda mai shiga da fita yana tura mai ɗigo-ɗigo.

Na huɗu kabul. Kabul ɗin hannun wuta yana rabuwa biyu a ƙarƙashin tankin esansi, reshe ɗaya ya tafi karbirato, ɗaya ya tafi pompi. Ke nan abu biyu ne ke ƙayyade yawan man: saurin juyawar inji, da yadda ka murɗa hannu.

Na biyar ƙaramin tiyo mai kai man cikin inji, tare da wata ƴar ƙofa mai ƙwallo da sifirin wadda ke barin mai ya wuce gaba amma ba ya dawowa. A Yamaha man yana shiga ta hanyar da iska ke bi daga karbirato. A CCI na Suzuki da Injectolube na Kawasaki akwai ƙarin hanya da ke kai mai kai tsaye ga rulman bilbirke. Ku riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

Alamomin ƙarancin mai

Idan moto da ta saba ɗan hayaƙi da safe ta daina gaba ɗaya, kar a yi murna, a bincika. Haka in an yi kwanaki ana hawa amma man tanki bai motsa ba. Sauran alamomin su ne zafin inji fiye da ƙima, ƙara kamar ana kaɗa ƙananan ƙarafa, da moto ta riƙa yin nauyi tana rage gudu bayan tafiya mai nisa, ta sake tashi in ta huce. Wannan na ƙarshe kamun farko ke nan, pistan ya riga ya fara gogewa.

In kana cikin gudu ka ji inji ya ɗaure, ka matse kuloci nan take don ƙafar baya ta ci gaba da juyawa, ka sauka gefen hanya. Kar ka jira ya huce ka ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru.

Bincike mataki-mataki

Ana farawa da abu mai sauƙi. Sau da yawa pompin lafiyarsa lau, laifin na abin da ke kewaye da shi ne.

1. Duba tanki. Tagar tsofaffin babura tana rinewa har ta riƙa nuna kamar akwai mai alhali babu. A buɗe murfi a gani da ido.

2. Duba kafar iska. Ƙurar hunturu da maiƙo suna toshe ta. In ta toshe, mai zai sauka na ɗan lokaci sannan ya tsaya.

3. Cire babban tiyo daga bakin pompi, a tara gwangwani. Ya kamata mai ya zubo ba yankewa. In yana ɗiga da ƙyar, rariyar ta cika da datti, ko tiyon ya lanƙwashe, ko akwai ruwa da laka a ƙasan tanki. A kwance tankin a wanke da kananzir, a bar shi ya bushe sarai.

4. Taɓa tiyoyin duka. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ya kan wuce digiri 40, da zafin inji na shekaru, suna mai da roba ta bushe kamar kara. Busasshen tiyo ba ya kama baki da kyau, yana tsotsar iska ko da ba a ga yoyo ba. A canza shi da tiyo mai jure mai da zafi, a ɗaure bakinsa. Tiyon ƙarin ruwa na likita ba don wannan aiki aka yi shi ba.

5. Nemi kumfar iska a ƙaramin tiyo. Duk inda ka ga fili babu mai, to daidai wannan lokacin inji zai yi aiki a bushe.

6. Murɗa hannun wuta, inji a kashe, kana kallon pompi. Dole hannunsa ko faifansa ya motsa tare da hannunka, ya dawo da kansa in ka saki. Idan reshen kabul na pompi ya tsinke, moto za ta ci gaba da gudu lafiya don karbirato yana aiki, amma pompi irin na Yamaha zai zauna a ƙaramin matakinsa. Wannan shi ne mugun tarko, don ba abin da zai gaya maka sai inji ya kama.

Yadda ake fitar da iska

Ana fitar da iska duk lokacin da tanki ya bushe, ko aka cire tiyo, ko aka kwance pompi, ko moto ta daɗe kwance a ƙasa bayan faɗuwa.

A cika tanki. A jikin pompi akwai ɗan bis na fitar da iska. A kwance shi, a tara tsumma, a bar mai ya zubo har kumfa ta ƙare, sannan a mayar da shi da wasarsa. Kar a matse da ƙarfi, jikin pompi alminiyam ne.

Saura ƙaramin tiyo. Kafin a tayar da inji a zuba melanj na kashi 3 cikin 100 a tankin esansi, don inji ya samu kariya yayin da tiyon yake cika. A tayar, a bar shi a ralanti, a ja hannun pompi da yatsa zuwa ƙarshensa, a riƙe na minti biyu zuwa uku har kumfar ta wuce. Hayaƙi zai yi yawa, ba komai. Tsofaffin Yamaha suna da wani ɗan faifan roba a jikin pompi wanda ake juyawa da hannu ta inda kibiya ta nuna, inji a kashe, wuta a buɗe, har mai ya cika tiyon.

A yi wannan aiki a fili. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa, kuma kar a bar mai shan taba ko murhun shayi kusa da esansi.

In an fitar da iska amma washegari kumfa ta dawo, to ko dai wani baki yana tsotsar iska, ko ƴar ƙofar nan mai ƙwallo ta daina rufewa. Ana wanke ta da sirinji da kananzir, a tura ta gaba ta wuce, a ja baya ta ƙi. Kar a hura ta da iskar kwamfuresa, ƙarfin iskar yana lalata sifirin ɗin.

Daidaita kabul

Ƙa'ida ita ce a fara daidaita karbirato, wato ralanti da ɗan sakin da ke hannun wuta, sannan a zo kan pompi. Duk wanda ya taɓa kabul ɗin karbirato ya sake duba na pompi.

Kowane pompi yana da alama. A Yamaha alamar tana kan faifan da kabul ke ja, ana daidaita ta da wani ɗan ƙusa da ke tsaye. A Suzuki layi ne a kan hannun pompi da wani layin a jikinsa, kuma ana haɗa su ne lokacin da alamar da ke jikin bututun karbirato mai hawa da sauka ta iso inda aka tanada. Ana gyarawa da notin da ke bakin kabul, a ɗaure shi bayan an gama. Sai dai matsayin da hannun wuta zai kasance lokacin duba alamar ya bambanta: wata moto da zarar sakin kabul ya ƙare, wata a tsakiya, wata a ƙarshen wuta. Don haka a bi littafin wannan moto ɗin, ko a tambayi tsohon bakanike da ya san irinta, kar a ɗauki na DT a yi wa AX100.

Pompin Yamaha yana da wani awo na biyu, wato ƙaramin bugunsa a ralanti. Wuta a rufe, ana juya pompi har sandan ya fito iyakarsa, a auna tazarar da ke tsakanin faifan da farantin da ke kansa da siraran ƙarafan awo. A yawancinsu milimita 0,20 zuwa 0,25 ake nema. In ta gaza haka ana ƙara siririyar wasa a ƙarƙashin farantin. Moto da ke yawan tsayawa a ralanti cikin gari tana wahala in wannan awo ya ragu.

Shin pompin yana turawa?

Gwajin ba shi da wuya. Melanj a tankin esansi, a cire babban tiyo daga tankin mai, a haɗa shi da sirinji mai lamba wanda aka cire masa abin turawa, a cika da 2T, a fitar da iska. A tayar da inji, a riƙe hannun pompi a buɗe na minti biyu, a ga ko man ya sauka a sirinjin. Adadin da ya kamata ya sha yana cikin littafin kowace moto, amma in bai motsa ba sam, amsa ta fito. Sai a cire pompin a duba haƙoran da ke juya shi, don a babura da yawa na roba ne kuma suna cinyewa, a duba ɗan ƙusan da ke riƙe su da ƙananan juwan na ciki.

Akwai kuma lissafin gida. A cika tankin mai, a riƙa rubuta litar esansin da aka sha. A hawa na yau da kullum, litar mai ɗaya kan raka wajen lita 30 zuwa 50 na esansi. In an sha lita 80 man bai ƙare ba, ko ya ƙare tun a lita 15, akwai magana.

Idan hayaƙi ya yi yawa

Yawan mai ba ya kashe inji nan take, amma yana jiƙa buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, yana tara baƙin gawayi a kan pistan da bakin salansa, sigma su manne, ƙarfi ya ragu. Dalilan su ne kabul da aka ja fiye da alama, ko hannun pompi da tsatsa da rairayi suka riƙe a buɗe, ko an manta an bar melanj a tanki alhali pompi yana aiki.

In hayaƙin na safe ne kawai, mai kauri, bayan moto ta kwana biyu a ajiye, to ƴar ƙofar mai ƙwallo ce ke barin mai yana tsiyaya cikin inji.

Wani lokaci kuma pompi ba shi da laifi ko kaɗan. A gefe biyu na bilbirke akwai juwan sipi. In na gefen kuloci ya mutu, inji zai riƙa tsotsar man giya yana ƙonawa: hayaƙi fari-fari mai wari, man giya yana raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba. Mai gyaran da ya ga haka ya rage pompi ya ƙara wa Barno dawaki, don hayaƙin ba zai tsaya ba kuma pistan zai rasa mai. In kuma na gefen magneto ne ya mutu, iska ce ke shiga, ralanti ya riƙa hawa da kansa, buji ya yi fari, inji ya yi zafi ya kama ko da pompi sabo ne. Haka toshewar jiklar karbirato da dattin esansin kwalba, da tafiya ba matatar iska cikin rairayi, duk suna kama inji.

Wane mai za a zuba?

Mai ɗauke da alamar 2T, wanda aka rubuta ya dace da pompi. A jikin galan a nemi JASO FB, FC ko FD, ma'aunin da Japan ta kafa a 1994, ko API TC. FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi da datti. Mai alamar TC-W3 na injin jirgin ruwa ne, irin na masu kwalekwale a kogin Kwara, wanda ruwa ke sanyayawa. Injin moto da iska ke sanyaya shi ya fi wannan zafi.

Littattafan shekarun 1960 sun yarda a zuba man mota SAE 30 in an rasa na de-tan, amma don a isa gida ne kawai. Man mota ba a yi shi don ƙonewa ba, yana barin toka. Baƙin man da aka juye daga wani inji kuwa yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cinye pompi da rulma tare. Man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, arahar da ke cikinsa ba ta kai kuɗin pistan da rarake silinda ba.

Maganar cire pompi a koma melanj

Masu gyara da yawa in sun gaji sai su ce a cire pompi kawai. Ana yi, wani lokaci ma dole ce in kayan sun ɓace a kasuwa. Amma a san abubuwa biyar.

Ɗaya, a injunan da aka kai wa rulman bilbirke tiyonsa na musamman, kamar yawancin CCI, melanj ba lalle ya isa wannan rulma yadda ya kamata ba, don akwai farantin da ke kare shi. Moto za ta yi watanni lafiya sannan ta fara gurnani daga ƙasa. Irin wannan gyaran pompi ya fi.

Biyu, dole a toshe ramin da mai yake shiga, in ba haka ba iska za ta bi ta nan.

Uku, kar a bar pompi yana juyawa a bushe. A cire shi da abin juya shi, a rufe wurin da faranti da juwan.

Huɗu, awo. Kashi 2 cikin 100 shi ne mililita 20 a lita ɗaya, kashi 3 mililita 30, kashi 4 mililita 40. A lita 5 ke nan 100, 150 ko 200. Tsohon inji mai ɗaukar kaya cikin zafi ya fi son kashi 3 zuwa 4. A auna da sirinji, a girgiza a jarka kafin a zuba. Tunda mai ya ci wani ɓangare na gurbin esansi a jikla, a duba launin buji bayan tafiya: ƙasa-ƙasa ake so, in ya yi fari a ƙara girman jikla.

Biyar, da melanj in ka rufe wuta ka rufe mai. A doguwar gangara, irin ta tsaunukan Adar wajen Keita da Buza, a riƙa ɗan murɗa hannu lokaci-lokaci. Kuma a gaya wa duk wanda zai ari moto, don yaro ɗaya da ya zuba tsuran esansi ya isa ya gama da injin.

Bayan inji ya kama

A cire salansa a leƙa ta ramin da tocila. In an ga zane-zane a jikin pistan, a buɗe kulas da silinda. Ƙaramin gogewa ana iya share shi, babba sai an rarake silinda an sa pistan na gaba, waɗanda galibi suke hawa da milimita 0,25, 0,50, 0,75 da 1,00. Kafin a rufe, a gano abin da ya jawo kamun, in ba haka ba sabon pistan zai bi sawun tsohon. Tankin farko bayan gyara a ƙara masa ɗan melanj ko da pompi yana aiki, a yi tafiya a hankali ba kaya mai nauyi.

Abin da ya rage shi ne sabo. Kowace safiya a duba man tanki kafin a buga moto. Kowane mako a murɗa hannu a ga pompi yana amsawa, a leƙa tiyo ko akwai kumfa. Duk lokacin juyen man giya a duba alamar kabul. Sau ɗaya a shekara, bayan ƙurar hunturu ta wuce, a wanke tanki da rariyarsa. Mai tafiya ƙauye kuma ya riƙa ɗaukar ƴar kwalbar 2T da sirinji a ƙarƙashin sirdi: in kabul ya tsinke a daji, mililita 30 a kowace litar da ke tanki, a girgiza moto sosai, zai kai shi gida.